Yadda Za Ka Kauce wa Mai Rada Idan Ka Ɗauko Mahaifiyarka a Jirgi

Ka yi haƙuri, mai karatu. Na san ba ni ya kamata in rubuta wannan ba. Ban taɓa rubuta wani abu ba in ba amsar jarrabawa ba, kuma ban taɓa hawa jirgin sama ba. Ko lilo na hau sai kaina ya juya. Sai dai na karance littattafan tuƙin jirgi na Kawuna kaf, har da waɗanda shi kansa bai cire musu leda ba. Labarin kuwa na ji shi daga bakin mutum biyun da ke cikin jirgin, kowa a lokacin da ɗayan ba ya nan. Saboda haka ina ba ka tabbaci: in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka samu daidai abin da Kawu ya samu, ba ragi ba ƙari.

Mataki na 1: Ka san wanda kake gudu

A saman kowane babban filin jirgi akwai wani yanki da ba a shiga sai da izini. Ba katanga, ba ƙofa, ba mai gadi da sanda. A taswira kawai yake, an zana shi kamar mazurari: tsukakke daga ƙasa, yana faɗaɗa yana yin sama. Cikin mazurarin nan manyan jirage ke kwararowa, wannan na bin bayan wancan, tun safe har dare.

Mai kula da shi yana zaune a wani ɗaki marar taga, gabansa allon rada, wato na'urar da ke nuna kowane jirgi a matsayin ɗan ɗigon haske. Shi ne mai rada. Aikinsa ya jera ɗigogin nan kada biyu su haɗu. Littafi ya ce har ƙananan jirage irin naka yana yi wa wannan hidima. Ka kira shi a rediyo, ka faɗi ko kai wane ne, inda kake, da abin da kake so, duk cikin numfashi ɗaya. Ya ba ka wata lamba ka danna a 'yar na'urar da ke gabanka, don ɗigonka ya samu suna a allonsa. Daga nan ya riƙa gaya maka juya nan, sauko can, ga wani ta hagunka.

Kada ka yarda. Masana sun tabbatar duk abin da aka ce don lafiyarka ne, akwai jin kunya a ciki. Rediyon nan ba waya ba ce. Layi ɗaya ne, kowa na ji. In harshenka ya sarƙe, duk kyaftin ɗin da ke sararin nan ya ji, da mataimakinsa, da wanda ya kawo musu shayi.

Mataki na 2: Ka zaɓi sana'ar da ba a mayar maka da magana

Kawu likitan haƙori ne. Ya yi shekaru yana hira da mutanen da bakinsu ke wangale da auduga a ciki. Ya yi tambaya, ya ba kansa amsa, ya yi raha, ya yi wa kansa dariya, mai haƙori sai dai ya ce "aaa". Mutumin da ya saba da haka, ranar da wata murya ta ce masa "ban ji ba, sake faɗa," ai an gama da shi.

Haka kuwa aka yi. Ya koyi tuƙi a wani ɗan fili can bayan gari, inda ba hasumiyar masu ba jirage hanya, ba cunkoso, sai awaki da ake kora daga titin jirgi. Sau ɗaya tak malaminsa ya sa shi ya kira mai rada. Aka ce ya sake faɗa. Ya sake. Aka ce ya sake. Malamin ya karɓi maganar, Kawu ya koma yana duban gwiwoyinsa. Ya samu lasisi, ya shiga ƙungiyar masu ƙananan jirage, suka haɗu su kaɗan suka mallaki wani tsohon jirgi mai farfela ɗaya da suke kira Ɗan Tsako. Amma tun daga ranar nan bai ƙara taɓa layin mai rada ba.

Mataki na 3: Ka ƙirƙiri dalili mai kyan gani

In za ka ƙetara birni, hanya biyu ce. Ko ka yanka ta tsakiyar mazurari, ka isa kafin shayinka ya huce. Ko ka kewaye shi ta can nesa, ta saman daji da wani tafki, ka yi fiye da awa kana girgiza a iska mai zafi. Ka zaɓi ta biyu, kullum.

In an tambaye ka, ka ce don tafkin ne. Ka ce wanda bai ga tafkin nan daga sama ba bai san duniya ba. Ka ɗauki hotonsa ka sa a waya. Tafkin ba wani abin kallo ba ne, ruwa ne mai launin ƙasa da shanu a gefe, amma ba wanda zai je ya bincika.

A barandar ƙungiya kuma, inda ake zama kan kujerun roba ana kallon masu sauka ana gyara musu kuskure daga nesa, ka riƙa jefa magana irin ta manya. Kawu yakan karkata gilashinsa ya ce, "Ai mu da masu rada sai gaisuwa. Sun san muryata." A gida ma ka faɗa. Musamman a gida.

Mataki na 4: Ka bari a kai ƙararka

Wannan ba sai ka yi komai ba, zai zo da kansa.

Matar Kawu da Ummata, wadda ita ce yayarsa, suka haɗa baki suka tafi wurin Kaka. Sun daɗe suna shirya maganar. Suka zauna a ƙasa kan darduma, Kaka na bisa kujerarta ta kusa da taga, Kawu na tsaye jikin ƙofa da makullin mota a hannu kamar wanda ya zo wucewa.

"Inna, ki yi masa magana," in ji matarsa. "Duk Asabar sai ya tafi. Ni in ya tashi ba na iya ko zama. In ji ƙarar babur, in fito da gudu in dubi sama."

Umma ta ce, "Abin ma kamar kwalin ashana, Inna. Ƙofarsa da hannu ake ja kamar ta tsohuwar mota. Mutum da iyali, da furfura."

"Yaya, furfurar nan ai tun ina saurayi..."

"Rufe mana baki, Auta, ba da kai ake ba."

Shi ne ƙaraminsu. Ya ba hamsin baya, yana da asibiti da ma'aikata, amma a ɗakin nan Auta ne.

Kaka ta saurare su har suka gaji. Sannan ta ce ita ba ta hana abin da ba ta gani da idonta ba. Dama tana son zuwa duba ƙanwarta da ke wani gari can ƙetaren birni. Auta ya kai ta a jirgin. In suka sauka, za ta faɗi abin da ta yanke.

"In na ce ka bari, ka bari ke nan. Ba na so in ji wai-wai."

"To, Inna," in ji Kawu.

Ka gane abin da ke ƙasa, mai karatu. Matarsa za ta iya yin fushi, ya lallashe ta. Hukuma za ta iya karɓe lasisi, ya ɗaukaka ƙara. Amma in tsohuwar nan ta ce a'a, Ɗan Tsako ya zama na wasu. Kuma mutumin nan yana son tashi sama. Duk fankamarsa, in ya fara ba ka labarin yadda ƙasa ke sakin tayoyi, muryarsa canzawa take, ya koma yaro.

Mataki na 5: Ka duba komai, ban da abu ɗaya

Ranar tafiya ka zo da wuri. Ka zagaya jirgi kana shafa fukafuki kamar mai sayen sa. Ka leƙa tankin mai, ka ja sandar awon baƙin mai ka goge, ka buga taya da ƙafa, ka goge gilashi har sau biyu. Ka ninke taswira yadda tafkin zai fito a sama.

Kada ka duba abin da mahaifiyarka ke yi a baranda. 'Yan ƙungiya sun ga baƙuwa, sun rasa inda za su sa ta don murna. Wannan ya kawo kujera, wancan ya kawo shayi a babban kofi. Ta sha ta yaba. Aka ƙaro. Ta ce ba ta son ɓata wa mutane rai.

Shigar da ita jirgi ya ɗauki mutum uku da akwatin lemo da aka kife ta taka. Ta zauna a kujerar dama, aka ɗaure mata bel, aka ɗora mata abin kunne a kan gyale. Ta dubi allon da ke gabanta mai cike da agogai.

"Duk waɗannan lokaci suke nunawa?"

"A'a, Inna. Wannan tsayi, wannan gudu, wannan..."

"To ban tambaye ka ba. Mu tafi."

Suka tashi lafiya. Kaka ta yi addu'arta, ta buɗe ido, ta leƙa. Ta ce gidajen mutane ashe duk rufinsu ya yi tsatsa, ana ta yi mana kuri da fenti ta gaba. Kawu ya ji daɗi har cikin ransa. Ya karkata Ɗan Tsako ya nufi daji.

Mataki na 6: Ka tuna ƙaramin jirgi ba shi da banɗaki

Sun yi nisa kaɗan, birni na can ta dama cikin hayaƙinsa, Kaka ta gyara zama. Ta sake gyarawa.

"Auta, saura nawa?"

"Da ɗan saura, Inna. Yanzu za ki ga tafkin."

"Kada ka yi min maganar ruwa."

Ya juyo ya dube ta. Ta haɗe gira tana kallon gaba, hannayenta biyu a dunƙule kan cinya.

"Garin ƙanwar tawa ba can yake ba?" Ta nuna daidai tsakiyar birni da haɓa. "Na san gabas da yamma, ba yau aka haife ni ba. Me ya kawo mu daji?"

"Can hanyar manyan jirage ce. Sai an nemi izini."

"To nemi. Ba ka ce mutanenka ba ne?"

A nan, mai karatu, ka yi lissafi da sauri. Komawa baya ya yi nisa. Kewaye ya fi nisa. Ƙarƙashinka ba komai sai itatuwa da gonaki. In abin da kake tsoro ya faru a kujerar nan, ba jirgi kaɗai za ka rasa ba. Tsohuwar nan ba za ta ƙara haɗa ido da kai ba, kuma kai ka jawo. Kawu ya gama nasa lissafin. Ya miƙa hannu ya murɗa rediyo zuwa layin da ya yi shekaru yana tsallakewa.

Mataki na 7: Ka danna maɓalli, kada ka saki

Muryoyi suka cika musu kunne. Kyaftin-kyaftin masu kaurin murya, kowa na magana kamar yanzu aka tashe shi daga barci kuma bai damu ba. A tsakiyarsu murya ɗaya ta mace, siririya, tana yanka umarni tsaf-tsaf kamar mai yanka albasa. Ta faɗa, a maimaita mata, ta wuce kan na gaba. Ba tari, ba "yauwa".

Dokar ita ce ka jira a yi ɗan shiru ka faɗa ciki. Shiru ya zo, Kawu ya ja numfashi, shirun ya wuce. Wani ya zo, ya gyara murya, wani kyaftin ya riga shi. A na uku ya runtse ido ya danna ɗan maɓallin da ke jikin sitiyari.

Jimlar nan ya yi shekaru yana bitar ta a banɗaki da cikin mota. Ya buɗe baki.

"E... to..." in ji shi.

Sai ka san wani abu game da Ɗan Tsako. Tsoho ne, kuma duk wanda ya taɓa mallakarsa ya taɓa wayoyinsa. In matuƙi ya danna maɓalli, ba bakinsa kaɗai ke fita ba, har na wanda ke gefensa. Kuma muddin yatsa na kan maɓalli, kai ba ka jin kowa, kowa kuma ba ya jin kowa sai kai.

"Da wa kake magana?" in ji Kaka.

"Da mai ba da hanya, Inna."

"Shi ne ba sallama ba gaisuwa? 'E, to'? Haka na koya maka?"

"Ba a gaisuwa a nan."

"Ba a gaisuwa. Za ka bi ta saman gidan mutane, ba a gaisuwa. Ai shi ya sa ta yi banza da kai."

"Inna, don Allah ki bari in tuno abin da zan ce."

"Au, mantawa ka yi? Kai da suka san muryarka?"

Farfela na ta juyawa. Gumi ya gangaro masa ta ƙarƙashin abin kunne.

"Ba su san ta ba," ya ce a hankali. "Ban taɓa kiransu ni kaɗai ba. Tsoro nake ji."

"Tsoron wa? 'Yar mutanen nan? Auta, dube ni. Kai da kake cusa wa manyan mutane ƙarfe a baki suna kuka? To bari ka ji. Shayin nan ya gama zagayensa, ƙofa yake nema. Ko ka gaya wa yarinyar nan ta ba mu hanya, ko ka nemo min kwano. Kuma ka daina yi min wannan fuskar, irin wadda kake yi da safe in ka jiƙa katifa."

A lokacin ne Kawu ya lura rediyon ya yi tsit tun ɗazu. Ya lura da wata 'yar fitila da ke ci a jikinsa. Ya sunkuya ya dubi babban yatsansa. Ya yi fari fat don dannawa.

Ya saki.

Mataki na 8: Ka yi abin da aka ce

Da farko ba wanda ya ce uffan. An ce irin wannan shiru ba a taɓa jinsa a mazurarin nan da rana tsaka ba.

Sai muryar macen ta dawo, da sauri fiye da ɗazu. Ba ta kula Kawu ba. Ta juya wani babban jirgi da ya riga ya wuce inda ya kamata ya juya, ta tsayar da wani a tsayin da yake, ta ce wa na uku ya rage gudu yanzu-yanzu. Kawu na ji, yana gane cewa duk wannan ɓarnar yatsansa ce. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, amma ƙasar ta yi nisa.

Da ta gama gyara layinta, ta sassauta murya.

"Jirgin da ke ɗauke da Inna, faɗi lambarka da inda kake. A hankali. Ina jinka."

Kafin ya amsa, wata murya mai kauri ta kutso, ba suna ba lamba. "Sannu, Auta."

Wata kuma ta ce, "A gaida Inna."

"A bar min layi," in ji mai rada, aka yi tsit.

Kawu ya danna. Ya faɗi lambar jirginsa, ya faɗi inda yake, ya faɗi inda za shi. Bai fito cikin numfashi ɗaya ba, ya kai uku, amma ya fito. Ta ba shi lambar da zai danna. Ya maimaita ya juya lambobi biyun ƙarshe. Ta gyara masa ba tare da ta ce komai a kai ba. Ya danna lambar.

"Na gan ka," ta ce. "An ba ka izinin shiga. Juya dama, ka tsaya a tsayin da kake, kada ka hau kada ka sauka."

"Ta gan mu?" in ji Kaka. "Ta ina?" Ta leƙa ƙasa, ta leƙa sama, sannan ta gyara gyalenta ta miƙe zaune.

Ya maimaita umarnin, ya juya dama. Ta ce ya ƙara kaɗan, ya maimaita, ya ƙara. Ta ce wani babba zai wuce ta samansa daga hagu, ya zauna inda yake, ya faɗa in ya gan shi. Bai daɗe ba sai ga abin ya fito daga cikin hazo, tayoyi a waje, cikinsa fari kamar an ɗago bene ana tafiya da shi. Inuwarsa ta shafe su ta wuce.

"Na gan shi," in ji Kawu, da wata murya da ba tasa ba.

"Ta ce zai zo," in ji Kaka, "ya kuwa zo."

Mai rada ta bi da su ta daidai tsakiyar babban filin. Littafi ya ce nan ne ya fi aminci, domin a daidai nan manyan ko dai suna ƙasa ko ba su riga sun hau ba. Kaka ta ga jirage jere a bakin gini kamar jarirai a wurin shan nono. Ta daina ma kallon waje. Ɗanta take kallo: a faɗa, ya maimaita, ya aikata. A faɗa, ya maimaita, ya aikata. Ta yi shiru, wanda a danginmu ba a ɗaukarsa alamar alheri.

Can mai rada ta ce, "Filinka na gabanka. Na gaya wa hasumiyarsu fasinjarka na da uzuri, kai za a fara saukarwa. Ka shirya rubutu, akwai lambar wayar da za ka kira in ka sauka."

In kai matuƙi ne ka san wannan jimlar. Ba a ba mutum lambar nan don a tambayi lafiyar iyalinsa. Kawu ya rubuta ta a bayan hannunsa.

Mataki na 9: Ka kira lambar a inda mahaifiyarka za ta ji

Saukar ba ta yi kyau ba. Ɗan Tsako ya yi tsalle biyu kafin ya yarda da ƙasa. Ba wanda ya damu. Farfela na tsayawa Kaka ta sauko ba akwatin lemo ba taimakon kowa, ta nufi ɗan ginin filin da saurin da rabon a gan shi tun kafin a haife ni.

Kawu ya tsaya a barandar banɗaki, jikin wata tsohuwar na'urar kashe gobara, ya kira. Aka haɗa shi da mai radar, an karɓe ta ta fito hutu. A waya muryarta ta fi ƙuruciya. Ta ce ya toshe layi a lokacin cunkoso, har wani jirgi mai ɗaruruwan mutane ya yi zagayen da bai kamata ba. Ta ce dole a rubuta, za a kuma so a gyara wayoyin jirgin, amma ba ta jin za a taɓa lasisinsa. Kawu na ta "na gode, ranki ya daɗe, na gode," yana ɗan rusunawa ga bango.

Ƙofa ta buɗe. Kaka ta fito tana yarfe hannu, fuskarta ta dawo daidai. Ta miƙo tafi. Ya sa mata wayar. Ta riƙe ta a gaban baki kamar faranti, yadda ta saba, kowa na ji.

"Salamu alaikum, 'yar nan. Ina wuni? Ya aiki? Ya mutanen gida? Ya ƙoƙari da mu? Madalla. Ki yi haƙuri da yaron nan, ba haka na rene shi ba."

Dariya ta kuɓuce wa mai rada. "Ba komai, Inna. Kin samu sauƙi?"

"Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka. Tambaya gare ni. Kullum kina nan?"

"Ni ko abokan aikina. Ba a barin wurin ba kowa."

"Duk wanda ya kira, kuna ganinsa?"

"Muna ganinsa, muna gaya masa abin da ke kusa da shi."

"In bai kira ba fa?"

"Sai mu ga ɗigo kawai yana yawo a gefe. Ba mu san ko wane ne ba, ba mu san inda ya nufa ba."

"Ɗigo," in ji Kaka. Ta dubi ɗanta tun daga takalmi har gilashi. "To na gode, 'yata. Koma bakin aikinki."

Ta miƙa masa wayar. Iska na kaɗa wata 'yar tuta a bakin titin jirgi. Kawu ya tsaya da hannu a baya.

"Jirgi dai ban hana ka ba."

Ya yi ƙasa zai durƙusa. Ta ɗaga yatsa.

"Ban gama ba. Tun da na haife ka ban taɓa ganin an ce ka yi dama ka yi dama ba, sai yau. Ni ban samu ba, ubanka bai samu ba, matarka kuwa ba a magana. Tunda Allah ya kawo masu iyawa, a hannunsu na bar ka. Daga yau duk inda za ka, ta wurin yaran nan za ka bi, su gan ka, su san kai ne. Ranar da ka tashi ka koma ɗigo, ban yafe ba."

"Inna, duk fa sun ji. Har maganar... duk sararin nan ya ji."

"To su ji mana, ƙarya na yi? Nemo mana mota, ƙanwata na jira. Kuma da la'asar ta nan za mu koma. Ɗazu hankalina ba a kwance yake ba, ban kalli manyan jiragen da kyau ba."

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba matuƙiya ba ce, ba mai rada ba ce, ba kuma ta da hannu a duk abin da ya same ka. In ka bi matakan nan aka karɓe maka lasisi, ko aka sa maka sunan da zai bi ka har filayen da ba ka taɓa sauka ba, ko mahaifiyarka ta ce ita ma duk Asabar da ita za a tafi, wannan tsakaninka da danginka ne. In an tambaye ni, ban san ka ba, ban san Kawu ba, jirgi ma a hoto na san shi.

A teburin cin abincin gidansa na rubuta wannan, bai kuwa sani ba. Ga ƙarar motarsa nan a bakin ƙofa, matarsa ta tafi buɗewa. Ƙofar kicin a buɗe take, takalmana suna hannuna.